Masu Gadi Biyu a Shagon Auta

Shagon Auta ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran takalma. A ciki akwai injin surfani, da kantar zare kala-kala, da kwamfutar da take zana fure da baje, wato tambarin da ake ɗinkawa a riga, a kanta kafin ta tura wa injin. Tana son aikinta, don mai surfani ba ya bukatar yawan magana, ita kuwa tun tana ƙarama magana nauyi take yi mata.

Yayanta mai gyaran kwamfuta ne. Shi ya haɗa mata komai, ya kuma sa mata manhajar tsaro mai kashe cutar kwamfuta, wadda ya daɗe yana sa wa mutane. Ana nan sai kamfanin da ya yi babbar manhajar da kwamfutar take tashi da ita ya fito da tasa ta sayarwa. Kullum tallarta sai ta leƙo a gefen allo. Mijin Auta, direban motar haya, ya gani wata rana da ya kawo mata abinci. Bai yi shawara da kowa ba ya saya, ya sa mata, yana ta murmushi.

"Wanda ya ƙera mota shi ya san ciwonta," in ji shi. "Kyauta ce na yi miki."

Ta yi godiya. Ta kasa ce masa akwai ta Yaya a ciki, ta kuma kasa ce wa Yaya an ƙaro wata.

Daga nan kwamfuta ta fara rarrafe. In ta buɗe zane, sai ta share shago ta dawo bai gama buɗewa ba. Wannan manhaja ta yi ƙara ta ce ta kama ɓarawo, waccan ma ta yi ƙara, ashe juna suke kamawa. Ga bajen rigunan wata makarantar yara da ta karɓa, shugabar ta ce ranar Litinin za a raba riguna, in ba su samu ba za ta kai aikin wani wuri. Ranar Asabar injin yana zaune shiru, yadi a ɗaure a jikinsa.

Auta ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. A ƙarshe ta kira su duka biyun, kowanne ta ce masa, "Don Allah ka zo shago," ta kashe.

Yaya ne ya fara isowa da jakar kayan aiki. Yana duba allo Direba ya shigo.

"Auta, wa ya zuba miki wannan?"

"Ni ne, Yaya," in ji Direba. "Ta kamfanin ce da kansa."

"Ta kamfani! Mutum ya sayar maka da gida duk ramuka, gobe ya dawo yana tallar maganin ɓera, kai kuma ka zaro kuɗi har da godiya."

"To ai shi ya san inda ramukan suke. Taka fa, Yaya, baƙuwa ce, lalube take yi."

"Ka tsaya a kan sitiyari, suruki. Na taɓa zuwa tasha na koya maka ribas?"

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce su ci gaba, shi ya rufe rediyonsa. Yaya ya yi bayani cewa masu gadi biyu ba sa zama a kwamfuta ɗaya, dole a cire guda. Ya riga ya kai hannu kan ta kamfanin, Direba ya dafe teburin.

Auta tana tsaye jikin kantar zare, tana naɗe zare a yatsa tana warwarewa. Ta dubi yadin da ke jikin injin, ta ji maganar ta fito tun kafin ta shirya.

"Ku kashe ɗaya a gwada ɗaya. Wadda ta bar zanena ya wuce zuwa injin, ita za ta zauna."

Suka juyo suna kallonta.

"Yau Auta ce da hukunci?" in ji Yaya. "To, ranki ya daɗe."

Aka fara da ta Yaya. Zanen ya buɗe da sauri, har Yaya ya fara gyara zaman hula, amma da aka zo turawa sai manhajar ta tare, wai ba ta yarda da injin ba. Ya ce zai iya lallashinta. Auta ta girgiza kai a hankali. Aka kashe ta, aka kunna ta kamfanin. Zanen ya ɗan yi jinkiri, sannan ya wuce, allura ta sauka a kan yadi ta kama tafiya.

Direba ya buɗe baki zai yi kirari, Auta ta dube shi, ya mayar da shi tari.

Yaya ya cire tasa da hannunsa, yana gunaguni. "Ranar da ta bar ɓera ya shigo, kada wanda ya kira ni."

"Ni zan kira ka, Yaya," in ji ta. "Wa nake da shi?"

Yaya ya zauna ya ƙara gyara mata saitin sabuwar, ya goge ƙurar bayan kwamfutar da hankicinsa. Direba ya fita ya dawo da lemo mai sanyi, ya miƙa wa Yaya na farko. Suka ja benci bakin ƙofa, gardama ta koma kan wanda ya fi wani iya zaɓen taya.

Auta ta cire bajen farko daga injin, ta yanke zaren da ya yi saura, ta ɗaga shi a haske. Harafin makarantar ya fito tsaf. Ta ɗaura sabon yadi, ta ce su matsa da bencin kaɗan, suna tare mata iska.