Rigar da Orángel Ya Ƙi Tuɓewa

Shekara goma sha ɗaya Eudo Chourio ya yi yana buga baya, kuma a duk gaɓar tafkin Maracaibo ba mai kiransa da sunan yanka. Adda ake ce masa. Jan kati goma sha tara ya karɓa. Haƙoransa biyu na gaba a filin Valera ya baro su. Ƙafar Nerio Bracho kuwa a Cabimas ya karya ta gida biyu, wata Lahadi, minti bakwai da take wasa. 'Yan kallon layin gaba sun ce sun ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Nerio bai sake taɓa ƙwallo ba.

Da gwiwa ta gaji, Eudo ya koma koci. Ranar da hukumar ƙwallo ta ba shi lasisi, tsohon da ya miƙo takardar bai sake ta da wuri ba.

"Mun san halinka. Ka taɓa mutum sau ɗaya, a fili ko a bayan fili, ka gama ke nan har abada."

Shekara shida bai taɓa kowa ba. In alƙalin wasa ya cuce shi, sai ya cusa hannaye a aljihu ya ciji leɓe. Ba shi da wata sana'a, ba shi da mata, wannan takardar ce kaɗai tasa. Daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan, har rabo ya kawo shi Balancines ta Cabimas, ƙungiyar da Nerio ya buga wa. Nerio yanzu shi ne shugaban magoya bayan da ke tsayawa bayan raga, masu ganga da tuta da wuƙa a safa.

Aka ci Balancines wasa biyar a jere.

Ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar atisaye, rana na dukan ƙeya, Eudo ya ji babura. Sun kai talatin. Suka shigo har tsakiyar ciyawa suka kashe inji. Nerio ya sauko daga bayan wani, yana dogara bututun ƙarfen da ya mayar sanda.

Kowa ya san al'adar. In ƙungiya ta zubar da mutunci, magoya baya kan zo su karɓe riguna, 'yan wasa su ratsa gari su koma gida ba riga. Ba a kiran 'yan sanda. Ka tuɓe, ka sunkuyar da kai, in ka ci wasan Lahadi a dawo maka da ita. Shi kansa Eudo an tuɓe shi sau biyu a zamaninsa.

"Koci Adda," in ji Nerio. "Ashe kana nan. Na ɗauka kana gida kana wa 'yan matan nan kitso."

"Ka karɓi abin da ka zo karɓa, Nerio. Muna da aiki."

"Aiki. Kun ji, wai aiki. To, 'yan mata, a tuɓe."

Aka fara jefa riguna a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi nawa ya sha mari. Riga ashirin da ɗaya suka taru. Saura ɗaya, koriya, a jikin gola.

Orángel Montiel ya haura talatin, mutum ne marar magana. A watan Agusta zazzaɓi ya kusa ɗauke 'yarsa. Ya haye tafki ya durƙusa gaban Chinita, Budurwa Maryamu ta mutanen yankin, a cocinta, ya yi alkawari: in yarinyar ta tashi, ba zai cire wannan rigar ba, dare da rana, sai ranar bikinta, sha takwas ga Nuwamba. Yarinya ta tashi. Da rigar yake wanka, a jikinsa take bushewa. Abokan wasa har sun gaji da tsokanarsa a kan wari. Saura kwana goma sha biyu.

"Gola, kai kurma ne?"

"Alkawari ne, ɗan uwa. Ka sani. Duk gari an sani."

Wasu daga cikin masu baburan suka dubi ƙasa. A nan jihar Zulia ko ɓarawo ba ya shiga tsakanin mutum da Chinita.

Eudo ya cire tasa rigar ya jefa kan tarin. "Ga ta ashirin da biyu. Ka ƙyale shi."

Nerio bai ko kalli rigar ba. Ya zaro sarƙar wuyansa, da ɗan hoton Chinita a jiki.

"Ni ma na yi mata alkawari, Koci. Ranar da ka karya ni. Da gwiwa ɗaya na ja jiki daga ƙofar coci har gabanta. Ka ga abin da ta ba ni." Ya buga bututun a ƙasa. Ya juya wajen mutanensa. "Ku cire masa."

Mutum huɗu suka faɗa wa Orángel. Bai rama ba. Ya ƙanƙame ƙirjinsa da hannu biyu ya dunƙule. Suka yi ta shurinsa a haƙarƙari, a baya, a kai. Hancinsa ya fashe, jini ya ɓata koriyar rigar. Hannayen ba su buɗe ba.

Eudo na tsaye, nasa hannayen a aljihu. Ya ga wayoyi a sama, sun fi goma, suna ɗauka.

"Tunda hannun ne ya ƙi," in ji Nerio, "ku miƙe min shi. Dama ba ya kama komai."

Suka ɓamɓaro hannun dama suka danne shi a kan ciyawa, yatsu a baje. Nerio ya matso. Don ya ɗaga bututun da hannu biyu, dole ya ɗora nauyinsa duka a kan ƙafar hagu, mai lafiyar.

Eudo ya ga ƙafar. Bai so ya gani ba, amma idon ɗan baya ba ya tsufa. Taku takwas ne tsakaninsu. Ciyawar da laima, an ba ta ruwa da safe. Takalmin ƙwallo ne a ƙafarsa, mai ƙusoshin ƙarfe, don bai taɓa iya atisaye da wani ba.

Ya zare hannaye daga aljihu, ya ruga ya shige ta da ƙusoshin.

Ƙarar irin ta wancan karon ce. Bututun ya yi sama ya faɗo can gefe. Nerio bai yi ihu nan take ba, sai da ya ɗago ya ga inda tafin ƙafarsa ke kallo.

Daga nan suka rufe Eudo. Sarƙar babur, kwalba, dunduniya. Ya ji haƙarƙari ya tafi, ya ji na biyu ya bi shi. Sai 'yan wasa ashirin da ɗaya, ba riga, suka shigo da duwatsu da sandunan tutar kwana, fili ya kaure. Da jiniya ta taso daga titin kasuwa, masu babura suka ɗauki shugabansu kamar buhu suka watse.

Eudo na zaune jingine da turken raga, ido ɗaya a rufe. Orángel ya rarrafo ya zauna kusa da shi. Rigar ta yage a kafaɗa, amma tana jikinsa.

"Motsa yatsun in gani."

Orángel ya motsa su, duka biyar.

"Sun ɗauka a waya, Koci. Kafin la'asar bidiyon ya isa hukuma a Caracas."

"Na gani."

"Da ka bari na tuɓe."

"Da ka tuɓe ɗin?"

Orángel ya jawo yagaggiyar rigar ya rufe kafaɗarsa.

Eudo ya tofar da jini, da wani abu fari a ciki. Ya ciro igiyar usur daga wuyansa da ƙyar, ya rataya ta a wuyan gola, a kan koriyar rigar.

"Ranar Lahadi ka sa Yorbis a baya ta hagu, ba ya tsoro. Tashi ka tara su. Saura minti arba'in a atisaye."