Faransanci Zalla

Garwa, Afrilun 1974, kwanon aji ya ɗau zafi tun hantsi. Malam Lukmanu na tsaye gaban allo, amma idonsa na waje, kan ɗan babur ɗin nan, mobilet... sabo fil, an jingine shi a inuwar dalbejiya, ko ledar sirdin ba a cire ba. Na Célestin ne, malamin ajin ƙarshe. Ƙarin girma, ƙarin albashi, wai don yaransa sun ci jarrabawar satifiket. Yaransa? Yaran wa?

Ba daga nan suka tafi ba, daga kan waɗannan bencina? Wa ya zaunar musu da lissafin rabawa a ka? Shi ne yakan tura ƙofa ya rufe, ya rage murya, ya faɗa da Fulatanci, ya sake da Hausa: an yanka saniya, 'yan unguwa sun yi watanda, kowa kashi nawa... sai ka ga idanu sun buɗe. Célestin dafaffu ya karɓe su. Zubawa kawai ya yi a akushi, aka ce ya iya girki.

Sufeton makarantu kuwa ta taga ya jiyo shi. Rannan. Gumi na bin wuyan farar rigarsa — "Yaren gida a makarantar gwamnati, Musye Lukmanu?" Shi ke nan, ko mataki bai hau ba. A monita ya shigo aikin, ƙaramin malami marar takardar Ekol Normal ta horon malamai, monita zai mutu. Albashi ba ya leƙa aji ya ga wa ke zufa.

Da ma mugu ne Célestin, da da sauƙi. Ina! Sai ya tsaya bakin ƙofa yana murmushi, "Babban yaya, na gode, yaranka zinariya ne"... Godiya. Shi Lukmanu, matarsa Mairamu za ta kai godiya kasuwa a yanko mata tsoka? Jiya mobilet ya wuce ƙofar gida, tayar kekensa kawai ta duba. Wannan kallon...

To. Doka suke so. Tun shigowar makon nan doka yake ba su: Faransanci zalla, kalma bayan kalma yadda littafi ya ce, ƙofa a buɗe, mai son ji ya zo ya ji. Wa zai kama shi da laifi? Baɗi Célestin ya karɓi kawuna wayam, a ga iyawar. A ga ko mobilet na koyar da lissafi.

Yana karanta ƙa'ida, suna maimaitawa. Murya ɗaya, tsaf, babu abin da ke shiga. Ya san wannan amon. Haka shi ma ya rera a garin Poli yana ƙarami, bai ma san maganar raba abu ake yi ba... Ba ruwansa. 'Ya'yansa ne? Iyayen ma wa ya taɓa — Alhaji Hayatu mahauci, da hanta a ganye ranar sallah, "Malam, Karimatu amana ce, ni ban yi boko ba, ita ta yi." A'a. Ba yanzu ba.

Hannu a sama. Ita ce kuwa. Allon hannunta fayau, ko ɗigon alli babu.

"Malam," a hankali, da Hausa, "ba mu gane ba. A faɗa mana yadda aka saba."

 Yaran sun san hukuncin: wanda ya yi yaren gida, ƙashin saniya mai igiya ake rataya masa a wuya har a tashi. Ga shi can a ƙusa, ya yi ƙura, bai taɓa rataya wa kowa ba. Amma shi ya ce doka. Ya ce ko bai ce ba? Hannunsa ya riga ya sauko da shi. Igiyar da kaushi.

Karimatu ta taso da kanta, ta zo gabansa, ta sunkuyar da kai tana jira. Ƙofar na nan kusa, turawa kawai... Ta bango yana jiyo Célestin na dariya da ajinsa, ko a jikinsa. To wa ake hukuntawa ke nan? Wa...

Wuyanta siriri ne. Ya gaji. Ƙashin na lilo a hannunsa, ita kuma ba ta ɗago ba.