Akwatin Ƙarfen Baban Glory

Ina tsugunne gaban sikeli ina cika wa wata mata tukunyar gas, sai na ji mashin ya tsaya a bakin shago. Glory ce ta sauko, ɗiyar maƙwabcina Dominic, riƙe da filas ɗin kunun da na ba ta da safe ta kai masa asibiti. Daga yadda ta riƙe shi na gane ba a buɗe shi ba.

"Inna Kulu," ta ce, "Baba ya huta."

Hannuna ne ya je ya rufe bakin tanki shi kaɗai. Na cire tiyo, na ba matar haƙuri na ce ta dawo wani lokaci. Sannan na zauna a ƙasa, Glory ta zauna kusa da ni, ta ɗora kanta a kafaɗata kamar yadda take yi tun tana rarrafe.

Ni ban yi boko ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga bayan na haifi yarana. Abin da na tuna shi zan rubuta, yadda ya zo mini.

Da maigidana ya rasu, ya bar mini yara da shago guda a jikin gidanmu nan Zuru. Bangon shagon shi ne bangon ɗakin Dominic. Baban Glory muke ce masa, matarsa Monica kuma Maman Glory. Duk 'yan'uwansa maza soja suka shiga, shi kaɗai aka ƙi ɗauka, wai ya cika gajarta. Sai ya koyi aikin wuta, ya yi shekaru a wani babban defo na mai a kudu, har ya yi ritaya ya dawo gida.

Lokacin da na yi niyyar sayar da gas ɗin girki, shi ya yi mini aikin wutar shagon. Na sayo makunni irin na ɗaki a kasuwa, ya juya shi a hannu ya miƙo mini.

"Ki kai ɗakinki, Uwar Gas. Wannan ba na nan ba ne."

Ya sa aka kawo wani akwatin ƙarfe daga Kaduna, ƙarami amma sai da hannu biyu ake ɗaga shi, murfinsa zagaye da notina. A jikinsa akwai ɗan faranti da rubutu, da wani tambari mai kusurwa shida kamar ɗakin saƙar zuma. Na ce masa ai sai ka ce akwatin banki.

"Kowane makunni yana tartsatsi," ya ce, "ko ba ki gani ba. Gas kuma zai shiga cikin akwatin nan, ba mai hana shi. Amma masu yinsa sun kai shi wurin gwaji, an cika shi da gas an kunna masa wuta a ciki, ya riƙe wutar bai bari ta fito ba. Shi ya sa aka buga masa tambarin nan. Masu duba shagunan gas na gwamnati in sun zo, shi za su fara nema."

Haka kuwa aka yi. Duk shekara suna zuwa, su haska farantin, su duba fitila, su bar ni in ci gaba. A wannan shekarar an aiko mana cewa bayan bikin Ista za su zagayo. Mun kuma ji sun rufe wani shago a hanyar Ribah saboda makunni. Ni ban damu ba a lokacin, duk da na san in aka sa wa shagon nan kwaɗo, ba tukunyar da za ta hau murhu a gidana.

Sai zafi ya shigo, ciwon Baban Glory ya tashi. Zuciya ce, in ji likita. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya koma sai ya jingina da bango. Wutar gari kuma in ta zo yau sai a manta da ita. Ni ina da sola, batir ɗin yana cikin gidana, daga nan waya ta shiga shago. Da rana ina jin sa ta bango yana nishi, Monica na yi masa fifita har hannunta ya mutu.

Wata rana ta shigo shago ta zauna a benci, idonta ja.

"Kulu, ina da fanka, wuta ce babu."

"To mi za a jira? Ga wuta nan jikin bangonku."

Muka kira Dawuda mai gyaran wuta. Dawuda ba mugu ba ne, wayar gidaje ya koya, ita ya sani. Ya duba ya ce in aka ja daga gidana sai an zagaya ta bayan katanga, waya mai tsawo, ba shi da ita a hannu. Amma ga hanya kusa. Ya huda gefen akwatin da injin huji, ya zaro waya, ya huda bango ya tura ta ɗakin mara lafiya. Ya naɗe bakin hujin da baƙin salatif tsaf. Ni da Monica har muka yaba masa tsabtar aiki.

Baban Glory na barci aka kunna fankar. Na leƙa da la'asar na same shi ya farka, ya buɗe riga, ya lumshe ido, iska na kaɗa masa gashin ƙirji. Rabona da ganin fuskarsa a sake haka na manta.

"An kawo wuta ke nan," ya ce.

"Kulu ce ta ba mu," in ji Monica, tana murmushi.

Ya buɗe ido. Ya bi wayar da kallo daga gindin fanka, ta ƙasan gado, ta hau bango, har inda ta shige sabon huji. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Daga ina ta fito a can?"

"Daga akwatinka," na ce. "Ɗan huji ne ƙarami, an ma naɗe shi."

Monica ta miƙa hannu za ta kashe fankar don ta ga fuskarsa ta canza.

"Kada ki taɓa." Bai ɗaga murya ba. "Kulu, je ki rufe tanki, ki buɗe ƙofofin shago duka. Kada ki kunna komai, kada ki kashe komai. Ki shiga gidanki ki cire kan batir daga can."

Na yi yadda ya ce. Da na dawo fankar ta tsaya, zufa ta fara tsatso masa a goshi.

"Haba Baban Glory," na ce, "wanga zafi zai kashe ka. Don ɗan huji?"

"Akwatin da aka gwada ba shi da huji. Wannan yanzu wani akwati ne daban, tambarin da ke jikinsa ƙarya yake yi." Ya tsaya ya ja numfashi. "In wuta ta tashi a ciki, ta nan za ta fito. Ke kina tsugunne a gabanta. Ni ma kun buɗe wa gas ƙofa har gadona."

"A toshe mana da walda."

"Ko an toshe, ba shi ba ne. Masu duba za su gani, kuma suna da gaskiya su rufe ki."

Monica ta fashe da kuka, ta ce ita ce ta jawo. Ya ce mata ba wanda ya jawo, iska ya sha kuma ya ji daɗinta. Ni na tsaya a bakin ƙofa. Ista saura kaɗan, irin akwatin nan kuma ba a samun sa a kasuwar Zuru.

"Monica, jawo buhun nan na ƙasan gado."

Ta jawo da ƙyar. Ciki akwai akwati irin nawa, sabo, a naɗe da tsumma mai maiƙo. Ashe tun lokacin da aka kawo nawa ya sa aka haɗo da biyu. Niyyarsa ya buɗe wa Monica ɗan shagon gas a can garinsu, ta samu abin yi in ba ya nan.

"Ba zan karɓa ba," na ce. "Na Maman Glory ne."

"Ni da gas?" Monica ta share ido da zane. "Ko ashana na gani kusa da tukunya gudu nake yi. Shi ne dai da mafarkinsa. Ɗauki, Kulu."

Na kwana ban sake buɗe tanki ba. Da safe, tun rana ba ta yi zafi ba, ya ce a fito da shi. Glory ta ce likita ya hana shi motsi.

"Likita ya ce in zauna. To a can zan zauna."

"Lokacin da kake golmo a gonar babanmu don a ba ka ni," in ji Monica, "ba ka yi wannan himma ba."

"Gonar babanki duk duwatsu ce. Ke ma da na sani da na bar musu ke."

Suka ɗauko shi a kujerar roba, Monica da Glory, suka ajiye a bakin shago inda inuwa take. Mun fitar da tukwane duka, tanki a rufe, ƙofofi a buɗe. Dawuda ya zo kansa a ƙasa. Baban Glory ya gaishe shi, ya tambayi iyalinsa, ya ce ya matso ya ga abin da ba a koya masa ba. Dawuda ne ya sauke tsohon akwatin ya ɗaura sabon, ya shigar da wayoyi ta ƙofofin da aka yi musu tun asali, Baban Glory na nuna masa da baki. Ya cike hujin bangon da siminti.

Da aka zo rufe murfi, sai ya ce Dawuda ya sauko.

"Kulu, hau."

"Ni? Mi na sani?"

"Ke za ki zauna da shi, ba Dawuda ba."

Na hau kujerar tsugunno. Ya sa na wanke hannu na goge. Ya ce in shafa leɓen akwatin da na murfin da tsumma mai laushi, inda ƙarfe zai haɗu da ƙarfe, kada ƙwayar yashi ta rage, kada farcena ya karce shi. Ya ce ta wannan siririn tsakani zafi ke mutuwa kafin ya fito. Na shafa man giris kaɗan yadda ya ce. Sai ya zaro ɗan makulli lanƙwasasshe daga aljihu, Glory ta miƙo mini.

"Kada ki bi notinan layi. In kin ɗaure wannan, ki tsallaka na gabansa. Kaɗan-kaɗan, ki yi ta zagayawa."

Na yi ta juyawa, zufa na shiga mini ido.

"Ya ƙi tafiya."

"Hannun da ya daka dawa tun ina saurayi? Ƙara."

Na ƙara. Ya sa na ba shi labarin kowane noti, ko ya zauna, ko yana wasa. Yana magana yana hutawa, wani lokaci sai mu tsaya mu jira numfashinsa ya dawo. Da na gama ya ce a matso da kujerarsa ciki. Ya ɗaga kai ya kalli akwatin, ya ce a haɗa batir. Na juya makunni, fitila ta kama.

"To," ya ce. "Ku mayar da ni, na gaji."

Na miƙa masa makullin, ya tura mini hannu.

A ranar Dawuda ya nemo doguwar waya, ya ja ta daga gidana ta bayan katanga, nesa da shago, fanka ta koma aiki. Bai sha iskarta da yawa ba. Kafin Ista numfashin ya ƙi, aka kai shi asibiti. Na je duba shi sau ɗaya, an sa masa robar iska a hanci. Ya kalle ni ya ɗaga gira. Na ce masu duba ba su zo ba tukuna. Ya lumshe ido.

An binne shi a garinsu, can gindin duwatsu. Na rufe shago na bi su, na zauna cikin mata ina jin waƙoƙinsu na coci da ban iya ba. Monica ta riƙe hannuna tun daga mota har kabari.

Masu duba sun zo bayan mun dawo, Monica na cikin zaman makoki. Babbansu dattijo ne mai gilashi. Ya hau kujerar nan, ya haska farantin da tocila ya karanta, ya zura wani siririn ƙarfe a tsakanin murfi da akwati, ya ƙi shiga. Ya sa makullinsa a kowane noti. Ni ina tsaye ina kallo. Da ya sauko ya hango tsohon akwatin a lungu, ya ɗaga shi ya ga hujin. Na gaya masa yadda aka yi, ban rage komai ba.

"Wannan kada ki ba kowa, Hajiya. A fasa shi." Ya nuna na bango. "Wa ya rufe wancan?"

"Ni ce. Maƙwabcina na zaune yana gaya mini."

"Ina yake, mu gaisa?"

Na gaya masa. Ya cire hula ya riƙe a hannu ɗan lokaci, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Ya ce in ci gaba da sana'ata. Na tambaye shi ko notinan na kwancewa, ya ce ba sa kwancewa haka nan, in an duba su jefi-jefi ya isa.

Na shiga wurin Monica na gaya mata ba a rufe ba. Ta gyaɗa kai, ta matsa mini wuri a tabarma.

Makullin yana ɗaure a bakin zanena. Kullum da safe, bayan na buɗe ƙofofi iska ta ratsa, kafin in taɓa tanki, sai in jawo kujerar in hau. In sa shi a wannan noti, in tsallaka na gabansa, in zagaya har in dawo inda na fara. Ba wanda ya taɓa motsi. Sai in sauko in juya makunni, fitila ta kama, in ɗauki tsintsiya.