Tanar da Baba Ya Kawo

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ban iya tsara zance ba, kuma ina jin nauyin Baba. Amma abin ya ƙi barin raina.

Kafin Umma ta rasu, ta shuka lalle a rabin durom, a saman gidan da muke haya a unguwar Al-Naseem. Daga Haɗejiya ta zo da irin, ƙulle a bakin zani. Duk abin da ta shuka, shi kaɗai ya jure zafin Riyad.

Baba direba ne a wani kamfanin shuke-shuke a Dir'iyya. Wata rana ya hawo sama da buhu a kafaɗa, yana haki yana murmushi.

"Hajar, zo ki ga arziki! Ƙasar furannin da aka kawo daga waje ce. Wai mudir, shugabanmu, ya ce a ƙone ta. Ƙasa da tana a ciki fa! Mutanen nan ba su san noma ba."

Ya ce a fadamarsu, inda aka ga tana nan kowa ke son shuka. Ya juye buhun a gindin lallen, ya baje da tafin hannu.

Na taɓa tana ɗaya da tsinke, sai ta daka tsalle tana wutsil-wutsil kamar ɗan maciji.

"Baba, anya wannan tana ce?"

"Lafiya ce ta yi mata yawa," in ji shi, ya bushe da dariya.

Rabona da jin dariyarsa tun kafin jinyar Umma. Sai na yar da tsinken.

A hankali ƙasar ta koma tsaki-tsaki kamar garin gahawa. In na zuba ruwa, nan take ya zurare. Ganye ya yi rawaya, saiwoyi suka fito fili.

Gab da Sallah, Anti Bilƙisu, ƙawar Umma da ke aikin jinya, ta zo tsinkar lalle kamar yadda ta saba. Ta damƙi ƙasar, ta yi tsalle baya.

"Innalillahi! Wa ya zuba miki wannan masifa?"

Ta ɗauki hoton tanar, ta daɗe tana duba waya.

"Ɗiyata, ba irin tamu ba ce. Abincin ƙasa take cinyewa, ta bar ta fanko. Ƙwanta ma ido ba ya gani. Sai an ƙulle ƙasar a baƙar leda, rana ta gasa ta."

"Lallen fa, Anti?"

Ta gyara mayafinta, ta girgiza kai.

Bayan magariba na gaya wa Baba. Ya hau sama, ya ɗan taɓa lallen, sai ya karkace gaba ɗaya, ba abin da ke riƙe da shi. Baba ya tallabe shi da hannu biyu, ya tsuguna.

"Ban samu na kai uwarki gida ba," ya ce. "Na ce ko wannan in yi mata."

Can ya ƙara da cewa, "Kada ki taɓa shi. Wataƙila ya farfaɗo."

Washegari, da na ji tashin motarsa, na hau sama da wuƙa. Na yanke rassan da suka rage da ɗanye, na tsoma su a ruwa cikin kofin shayin Umma, ko za su yi saiwa. Sannan na tuge lallen, na kwashe ƙasar a baƙar leda, na ƙulle bakinta, na ja ta cikin rana.