Motar da Ta Tare wa Gawa Hanya

Malam Haman ya rasu da safe, aka sa jana'iza bayan azahar, sai motar maƙwabcinsa Alhaji Garga ta ce ba inda za ta.

Lungun nasu a unguwar Briketeri baki ɗaya gare shi, gidan Haman kuwa shi ne na ƙarshe can ciki. Motar ta cika lungun bango zuwa bango. Mai rai ma sai ya karkace ya tsuke ciki kafin ya wuce, balle makara. Tun hantsi Garga yake zaune a cikinta yana danna maɓallin tayarwa, ita kuma tana rubuto masa a allon gabanta wai ba ta ga makullinta ba, makullin da yake riƙe a hannunsa gumi na jiƙa shi.

Samarin unguwa suka naɗe hannun riga suka ce a tura. Ko gezau. Giya ta ƙi fita, sitiyari ya kafe, birkin hannu ma ba abin ja gare shi ba, wani ɗan maɓalli ne kamar na riga. Aka ce a ɗaga ta, to ta ina? Gefe da gefe ba wurin sa ƙafa.

Abin da ya fi ƙona wa Garga rai shi ne a daidai nan tsohuwar Fijo ɗinsa ta yi shekara da shekaru tana kwana, siririya, ba ta taɓa hana kowa wucewa ba. In ta yi gardama, mutum biyu su ingiza ta gangare, ya saki kuloci, ta yi tari ta tashi. Sau da yawa ɗayan mutum biyun Haman ne, yana turawa yana yi mata baƙar magana yana dariya. Ta ɗauko nama daga kasuwar Etudi, ta kai masu naƙuda asibiti, duk ciwon da ya same ta kuwa filaya da guntun waya ne maganinsa. Sai ɗan Garga, Abdulmajid, da ke aiki a Duwala ya ce girman Baba ya wuce wannan akwala, ya aiko da sabuwa, ya miƙa tsohuwar ga masu saran ƙarfe. A faɗi gaskiya, Garga bai hana ba. Ya ji daɗin kallon da aka yi masa ran Juma'ar farko da ya fita da sabuwar, yau kuma ga wani irin kallon yana sha.

Aka kira Mohaman makaniki, wanda ya san Fijon ciki da bai. Ya buɗe gaban motar, ya tarar da baƙar roba shafe, ko waya ɗaya ba a gani. Ya mayar ya rufe, ya ce wannan sai mai na'urar duba motocin zamani na unguwar Elig-Edzoa. Mai na'ura ya ce yana tafe. Aka yi azahar yana tafe.

Garga ya kira ɗansa a waya. Abdulmajid ya fara bayanin batirin makulli, rabi Hausa rabi Faransanci, har ya ƙara da cewa kada a bari kowa ya taɓa komai, garantin da kamfani ya ba motar zai lalace.

"Haman ne kwance a ciki," in ji Garga cikin fushi. "Shi ya yanka ragon sunanka. Kai kana yi mini zancen garanti."

Ya kashe wayar.

Saboda girman Garga aka jira har la'asar ta kawo jiki. Daga bisani liman ya matso ya ce a hankali, kabari na jira, ba a ajiye mamaci don mota, sai dai a haye da shi ta sama.

Garga bai bari wani ya riga shi ba. Tsoho da shi, ya tattare babbar riga ya taka gaban motar da takalmansa, ƙarfen ya lotsa, ya ƙara takawa da gangan. Aka ɗago makarar daga baya, hannu zuwa hannu, ya karɓi gabanta. Nauyin abokinsa na sauka a hannunsa, ƙafar makarar ta bugi rufin. Nan take motar da ta wuni ba ta ce ƙala ba ta ɓarke da ihu, fitilu na walƙiya, ƙarar ta danne salatin jama'a. Ya ji gawar ta ɗan zame a cikin makara. Hawaye suka zubo masa, ba hannun sharewa.

Da aka sauke makarar a ɗaya ɓangaren, babban ɗan Haman ya kama hannunsa ya taimaka masa ya sauko. Idanunsa jawur, ya dubi dogon zanen da ƙafar makara ta yi a rufin, ya rusuna.

"Baba Garga, a yi mana haƙuri," ya ce. "Mun kankare maka fenti."