Rawar da Ke Cikin Layin Malam

"Ƙara min shi sau ɗaya," in ji Malam.

Mai kiɗa ya danna kwamfutar da ke kan cinyarsa. Sautin ya fito daga 'yar lasifikar da ya ɗora a tebur, tsakanin kwalaben magani da kofin ruwa. Ya taso a hankali, ya yi sama, ya gangaro sumul, ya mutu. Malam yana kwance idonsa a rufe, yatsansa yana bin sautin a iska. Da aka zo gangara sai yatsan ya tsaya cak.

"Wannan ba layina ba ne, Injiniya."

"Naka ne mana, Baba. Ga takardar ma a hannuna."

Katanga ɗaya ce ta raba ɗakunansu. Malam ya shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi a sakandare kafin ya yi ritaya, matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ce take leƙo shi kullum in ta tashi daga aiki. Shi kuwa mai kiɗa ba injiniyan komai ba ne, tsokanar Malam ce ta liƙa masa sunan. Ƙorafi ne ma ya haɗa su. Wata rana tsohon ya shigo da faɗa a bakinsa, wai an hana shi barcin rana, sai ya ga fuskar kwamfuta cike da akwatuna, an jona su da wayoyi na zane. Wani akwati yana ba da sauti, wani yana juya shi, wani kuma layi ne kawai a ciki mai lanƙwasa, shi yake faɗa wa sautin inda zai ɗaga da inda zai sauka. Malam ya manta da faɗan da ya zo yi. Ya ce wannan ai aikinsa ne ake yi a bayan idonsa, kuma ana yin sa ba daidai ba.

Tun daga ranar yake zana layuka a takarda mai gida-gida, ya turo ta ƙarƙashin ƙofa. Mai kiɗa ya kwafe su ɗigo bayan ɗigo, ya kawo masa ya ji. Tsohon yakan ce ya shekara talatin yana zana wa yara waɗannan layukan a allo, bai taɓa sanin suna da murya ba.

Sai ciwo ya shigo. Hannun Malam ya fara rawa, har ya zama in ya ɗauki kofi rabin ruwan a rigarsa yake ƙarewa. Takardar ƙarshe da ta zo, hawan layin lafiya lau, amma gangaren duk ya yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Mai kiɗa ya kalle shi, tausayi ya kama shi. Ya ja gangaren ya miƙar da shi, yana ganin ya rufa wa tsoho asiri.

"Ina rawar?" Malam ya tambaya, ya buɗe ido.

"Wace rawa, Baba?"

"Ta gangaren. Goma sha ɗaya ce, ni na sa su."

"Ai na ɗauka..." Bai ƙarasa ba, amma idonsa ya riga ya sauka a kan hannun da ke karkarwa bisa bargo.

Malam ya bi idon da kallo. Ya daɗe yana duban hannun nasa.

"Ka ɗauka hannun ne ya zana, ba ni ba." Ya yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Kwana tara na yi a kan gangaren nan, Injiniya. Da na hagu nake danne na dama."

"Ka yi haƙuri, Baba. Gobe zan kawo maka shi yadda ka zana."

"Ina so in ji shi. Wannan ɗaya nake so in ji."

"Gobe da safe, in Allah ya kai mu."

Gobe ta zo, bai je ba. An ba shi aikin kiɗan tallan sabulu, ya ce wa kansa sai ya gama wannan tukuna. Amma tallan sabulu ba ya cin kwana uku, shi ma ya sani. Kunya ce ta riƙe shi. Duk sanda ya ɗauko takardar sai ya tuna yadda tsohon ya kalli hannunsa, sai ya mayar da ita ƙarƙashin kwamfuta. In zai fita, a kan yatsun ƙafa yake wuce ƙofar Malam, ƙato da shi, takalmi a hannu. In tari ya ratso katanga, sai ya toshe kunnensa da iyafis ya ci gaba da sabulunsa.

Ran na huɗu da hantsi aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. 'Yar Malam ce, da kayan aiki a jikinta, idonta ya yi ja.

"Yaya, Baba ya cika. Yanzun nan, ina ba shi ruwa."

Ya yi salati, ya dafa ƙyaure.

"Jiya ma sai da ya tambaye ka," ta ce. "Wai ko Injiniya tafiya ya yi, bai ji motsin kiɗa ta katanga ba. Na ce masa wataƙila aiki ne ya sha kanka."

Sai bayan mako guda, da mutane suka ɗauke ƙafa, ya iya zaro takardar. Iska ta juya ta a hannunsa. A bayanta akwai jerin lambobi layi biyu, da fensir, rubutun ya karkace amma kowace lamba tana gidanta, kowane ɗigo na gangaren an lissafa shi. Bai taɓa juya takardar ba. Ya zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya dubi agogo: minti arba'in ne ya ci masa. Ya kifa kai a tebur ya yi kuka sosai.

Sannan ya danna. Sautin ya taso kamar da, ya yi sama, amma da ya kama gangara sai ya shiga karkarwa, a hankali, yadda muryar mutum take yi in numfashi ya kusa ƙare masa. Bai taɓa jin injinsa ya yi irin wannan ba.

Ya ɗauki kwamfutar ya shiga ɗakin Malam. 'Yar tana haɗa kaya, an cire katifa an jingine ta, kwalaben magani suna cikin leda a bakin ƙofa.

"Akwai abin da Baba ya zana," ya ce. "Ki ji."

Ta sa iyafis ɗin a kunne ɗaya, rigar mahaifinta a hannunta tana ninkewa. Da aka zo gangara hannunta ya tsaya.

"Mama ce," ta ce. "Wallahi Mama ce. Haka take yi in tana wanki, ta ja waƙa a hanci, in ta zo ƙarshe muryar ta riƙa rawa. Baba ya yi ta tsokanarta, wai batirinta ne ya yi sanyi." Ta share ido da bayan hannu. "Ya ji wannan? Ka sa masa ya ji?"

Da a ce ya ce e, da babu mai ƙaryata shi a duniya.

"Bai ji ba," ya ce. "Ya roƙe ni. Na goge rawar, na ɗauka hannunsa ne. Na ce masa gobe."

Ta kalle shi. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙarfen gadon, ta miƙa hannu ta karɓi ɗaya kunnen iyafis ɗin ma ta sa. Wayar gajera ce, dole ya durƙusa kusa da ita, kwamfutar a tafin hannunsa biyu.

Sautin ya ƙare. Ba ta cire ba, shi ma bai tashi ba. Rigar tana kan cinyarta, hannun rigar ɗaya a ninke, ɗayan yana reto yana taɓa siminti.