Layi Biyu a Kan Bilyamin

Malam Yaji ya yi shekara talatin da ɗaya yana ba ɗalibai shawara a makarantar sakandare, kuma a iya saninsa babu wanda ya taɓa ɗauka. Da ya yi ritaya, sai ya dawo gidansa na unguwar Hausari da digirinsa na ilimin halayyar ɗan Adam, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya kama kallon kawunan samari.

Daga wannan kallon takardar ta fito. Falle ɗaya ce, gaba da baya, ya sa mata suna Fassarar Aski da Sutura. A ciki ya bayyana cewa wanda ya aske gefe ya bar tozo a tsakiya haushin ubansa yake ji. Mai rina gashi ja yana neman wanda zai kula shi. Mai sakin wando ƙasan ƙugu ya fid da rai da gobe. Wanda aka ja wa layi ɗaya da reza ya fara shan ƙwaya. Layi biyu kuwa shaida ce ta wanda ya taɓa zubar da jini kuma yake so a sani. Malam bai tambayi saurayi ko ɗaya ba. Ya rubuta cewa bincike ya nuna, kuma ba wanda ya ce a kawo binciken a gani.

Takardar ta zaga masallatai da teburin masu shayi. Kyari, tsohon direban tirela da ke shugabantar 'yan sintirin unguwa, ya ninke tasa ya sa a aljihun gaba. Karatun boko bai dame shi ba, amma ƙirga layi ɗaya da layi biyu ba sai da digiri ba.

Bilyamin bai taɓa ganin takardar ba. Shekararsa ashirin da biyu, aikinsa lodin shanu a kara, wato kasuwar dabbobi: ya kama igiya, ya murɗa wutsiya, ya tura dabba cikin tirelar da za ta yi Kudu. Bara wani bajimi ya ƙi hawa, ya juyo ya kai masa ƙaho sau biyu a gefen kai. An yi masa ɗinki goma sha huɗu a asibiti. Ciwon ya warke, amma gashi ya ƙi fitowa a wurin, ya bar masa layi biyu a jere saman kunnen hagu, a miƙe tamkar da gangan. Tun daga nan ba ya rabo da hular hana-sallah.

Wata Laraba, ranar kasuwa, bayan azahar, wani ya shiga rumfar Saleh mai cajin waya a unguwar Bolewa, ya soka masa wuƙa a wuya, ya kwashe wayoyi ya gudu. Saleh ya cika kafin a kai shi asibiti. Wata mai tuyar awara da ta ga wucewar mutumin ta ce saurayi ne, kuma yana da irin askin nan nasu. Iyakar abin da ta ce ke nan. Kafin maganar ta tsallaka titi zuwa Hausari ta riga ta zama layi biyu.

Kyari ya girke benci a mahaɗar unguwa da mutanensa goma sha biyu, kowa da gora. Duk saurayin da ya zo wucewa sai ya cire hula. Mai tozo a mare shi a zaunar da shi a ƙasa. Wani mai jan gashi ya ce ba zai tsuguna ba, aka sauke masa gora a gwiwa har sai da ya tsuguna, sannan aka kankare masa kai da fasasshiyar kwalba, gashin yana fitowa da fata. Masu layi ɗaya su huɗu aka samu, aka ɗaure su baya da baya da igiyar shanu. Mutane suka taru suna kallo, suna cewa dama an daɗe ana faɗa.

Ana cikin haka Bilyamin ya iso daga kara. Gaban rigarsa duk jini, domin wata saniya ta karya ƙaho wajen lodi kuma shi ya riƙe kanta. Ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe saboda kashin shanu. Ya yi sallama. Wani ya sa gora ya ture masa hula.

Ba a yi masa tambaya ba. Gorar farko a baki ta same shi, ya tofar da haƙora biyu. Ya ɗaga hannu ya kare kai, gora ta biyu ta karya hannun, mutanen da ke nesa ma sun ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi, suka rufe shi da ƙafa. Yana ta cewa sa ne, sa ne ya yi masa, amma da baki cike da jini ba a gane maganar mutum, kuma ba saurare aka zo yi ba. Ƙanin Saleh ya ɗauko bulo ya sauke masa a haƙarƙari. Wani ya gangaro da taya. Wani ya fizgo kwalbar fetur daga teburin mai sayarwa.

Kaumi wanzami, wanda shagonsa ke bakin mahaɗar, ya fito yana cewa shi shekara ashirin yana aski bai taɓa jan layi mai faɗin wannan ba. Aka ce ya koma ciki kafin a zo kansa, tunda shi ke ɓata yaran. Sai ya ce to a kira mai takardar ya karanta da kansa. Wannan ya yi wa Kyari daɗi. Yana son aiki ya tafi a kan tsari.

Malam Yaji ya zo da tabaraunsa da carbinsa, jama'a suka dare masa. Bai taɓa samun masu sauraro da yawa haka ba. Taya na wuyan Bilyamin, warin fetur ya cika wurin.

"Malam, ga karatunka ya fito," in ji Kyari. "Layi biyu, ga jini a riga. Ka duba mana kawai mu gama."

Malam ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya juya kan yaron. A gefen kowane layi ya ga ƙananan ɗige-ɗige a jere, sawun allura. Ya san ko mene ne, domin yana da irinsa a cikinsa tun tiyatar da aka yi masa. Ya daɗe yana kallo fiye da yadda dubawa ke buƙata. Ya fara bayani a kan cewa kowace ƙa'ida a ilimi tana da togaciya, amma kafin ya kai ƙarshen jimlar wani a baya ya tambaya wa ke da ashana.

"Wannan ba aski ba ne," in ji Malam. "Tabo ne. Ɗinkin asibiti."

"Malam, kai fa ka rubuta." Kyari ya fito da takardar ya buɗe ta a kife. "Ko yanzu ƙarya ce?"

Malam Yaji ya kalli takardar, ya kalli ashanar da ke tafe daga hannu zuwa hannu. Ya gane in ya ce ƙarya ce ba za a yarda ba, don ba a daɗe da fara son takardar ba. Sai ya miƙe ya ɗauko muryarsa ta aji.

"A aske shi ƙwal. In layin reza ne, zai ɓace tare da gashin. In ya tsaya bayan aski, to ba wanzami ya yi shi ba."

Aski shi ne abin da mutanen Kyari suke yi tun ɗazu, don haka ba su ga abin ƙi ba. Ɗaya ya matso da kwalbarsa. Malam ya ce kwalba za ta ɓata shaida, a ba Kaumi. Kaumi ya kawo aska da ruwa a kofi, ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan Bilyamin a cinyarsa. Ya yi bisimilla, ya fara daga ƙeya. Ya yi askin a hankali, a hankali ƙwarai, yana wasa askar a tafin hannu ba tare da ta dakushe ba. Mutum ɗari biyu suka tsaya suna kallon aski. Wasu suka tuna ba su yi la'asar ba.

Da ya gama ya zuba sauran ruwan a kan. Layukan biyu suna nan, masu kauri, masu sheƙi, da sawun allura ashirin da takwas a gefensu. Wani dillalin shanu da ke cikin taron ya leƙa ya ce ai wannan Bilya ne na wajen lodi, wanda bajimi ya kusa kashewa bara. Tun ɗazu yana tsaye a wurin.

Kyari ya cire tayar da kansa. Ya ce a yi haƙuri, aikin tsaro ya gaji haka. Ƙanin Saleh ya zauna a bakin kwata ya rufe fuska. Aka kwance masu layi ɗaya, aka ce su je Allah ya shirye su. Malam Yaji da Kaumi suka ɗauki Bilyamin suka sa a keke-napep, fetur ɗin jikinsa ya jiƙa wa Malam babbar riga.

Bilyamin ya rayu. Hannun bai koma daidai ba, kuma ba a murɗa wutsiyar sa da hannu ɗaya, don haka yanzu yana zama a shagon Kaumi yana koyon riƙe kilifa da hagu. Wanda ya kashe Saleh an kama shi bayan sati uku yana sayar da wayoyin. Askin malamai ne a kansa, da hular zanna.

Kafin ƙaramar salla samarin Hausari suka fara zuwa shagon suna neman layi biyu saman kunnen hagu, da ɗige-ɗige a gefe. Suna kiransa askin Bilya. Wani maƙwabci ya tarar da Malam Yaji a tabarmarsa yana kallonsu suna wucewa, ya tambaye shi wannan kuma me yake nufi a ilimance.

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ka tambaye su," in ji shi.